Tsawon Iklima

A jikin ƙofar ɗakin, ta ciki, akwai zanen fensir goma sha ɗaya, suna hawa kamar matakan tsani. Na ƙasa sun ba juna tazara, wani rabin yatsa, wani ya ɗan fi haka. Uku na ƙarshe kuwa sun hau kan juna har sun zama baƙin layi guda mai kauri. Abdulbaƙi ya dawo daga sallar asuba ya tsaya a gabansu, bai ko warware rawanin da ya naɗe kunnuwansa da shi saboda sanyin Tamanrasat ba. Bai samu barcin kirki ba, kuma ya san wannan layin ne ya hana shi.

Layin yana kan mita ɗaya da santi goma sha tara. Ƙarshen kowane wata yakan jingina 'yarsa Iklima a jikin ƙofar, ya ɗora mata ƙamus ɗinsa na Faransanci a ka, ya ja fensir a ƙarƙashinsa. Wata uku ke nan fensirin yana komawa wuri guda, kuma ya san dalili. Yakan karkata ƙamus ɗin kaɗan, gefen da ke jikin ƙofa ya sunkuya. Karon farko ya ce wa kansa hannunsa ne ya goce. Karo na biyu bai ce wa kansa komai ba.

Shekara uku da suka wuce ya yi mata alkawari. Wata ƙawarta Balarabiya ta dawo daga hutu a Alje, babban birnin ƙasar, da labarin wani dandalin wasanni a bayan gari, mai liluna da dawakan ƙarfe da wani jirgi da ke hawa sama a kan dogo ya rikito kamar zai faɗi, mutane suna ihu suna dariya. Iklima ta sa masa suna jirgin maciji. Abdulbaƙi ya nemo mata bidiyonsa a waya, ya ce mata baɗi. Baɗi ta zo, ya ce mata baɗi. A shekara ta uku yarinyar ba ta tambaya ba, sai ta karɓi wayar ta kalli bidiyon ta mayar masa, kuma shirun nan ya fi duk wata tambaya ci masa rai.

Ya karanta tattalin arziki a jami'a a Damagaram, amma abin da yake ci da shi a nan shi ne cika wa 'yan kasuwa takardun dowan, wato kwastan, a wani ɗan buro, ofis mai tebur ɗaya. Don haka ya zauna ya tsara tafiyar kamar yadda aka koya masa. Za a bi babbar mota, kwana da wuni a hanya, maimakon jirgin sama. Za a tafi a hutun sanyi, lokacin da masauki ke da sauƙi. Sai kuma dabaru biyu da ya fi alfahari da su. Ta farko, a shafin dandalin ya ga an rubuta da Faransanci cewa yaron da bai kai mita ɗaya da santi ashirin ba ba ya biyan kuɗin shiga, ana ɗaura masa koren zare a hannu ya wuce. Ta biyu, kada kowa ya san za su tafi. Wanda ya yi sallama da unguwa sai ya dawo wa unguwa da tsaraba, kuma ya auna ya ga tsarabar gidan hayarsu kaɗai ta kusa kuɗin mota.

"A yi tafiyar kwana da wuni ba sallama?" Salima, matarsa, ta tambaye shi ranar da ya faɗa mata. "Idan an wayi gari an ga ƙofarmu da kwaɗo, me za a ce da mu?"

"A ce mun je Abalesa ganin lambu."

"To kai za ka faɗa, Baban Iklima. Ni bakina ba zai iya ba."

Yanzu tafiya saura kwana biyu. Ya ji motsin Salima a bayansa tana ɗora shayi, sai ya juya wa ƙofar baya.

"Yau za ki kai ta kitso wurin Inna Talatu?"

"Yau ne."

"Ki ce a yi mata kwantacce. Wanda ya manne da kai. Kuma silifa za ta sa a hanya, ba takalmin nan mai tudu ba."

Salima ta zuba masa ido na ɗan lokaci, ta mayar da kallonta kan butar shayi. "Zan faɗa," ta ce.

A lokacin Iklima ta shigo daga waje riƙe da ɗan kwano, leɓenta na sama fari fat. Wata tsohuwar Buzuwa ce ke zuwa daga ƙauyen Utul duk safiya da nonon raƙumi a jarka, takan zauna a bakin layinsu. Kwanan nan yarinyar ta maƙale mata, tana riƙe mata mazurari, tana wanke mata kwanuka, ita kuma tsohuwar tana tsiyaya mata abin da ya saura. Abdulbaƙi ya san Iklima ba ta son ƙamshin nonon, ya sha ganin ta toshe hanci tana haɗiya, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi dalili ba.

"Abba, yau za ka auna ni?"

"Wata bai ƙare ba tukuna."

Ta kalli baƙin layin, ta sunkuyar da kai, ta wuce.

A buro ranar ya yi kuskure sau biyu a takarda guda, har mai kayan ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce sanyi ne. A zuciyarsa yana ta maimaita wa kansa hujja: santi biyu ko uku ba sata ba ce, masu dandalin ba za su talauce ba, mai tsaron ƙofa ba zai sunkuya da awo a kan 'yar baƙi mai silifa ba. Hujjojin duka sun tsaya da ƙafarsu, amma ko ɗaya bai sanyaya masa rai ba.

Bayan azahar ya dawo gida, ya tarar da tsakar gidan hayar ba yadda ya bar shi ba. Inna Talatu, Bakatsiniyar da ke yi wa matan unguwar kitso, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno inda rana ke sauka, Iklima a tsakanin gwiwoyinta, rabin kai a tsefe, rabi ba a taɓa ba. Matar ta naɗe hannu, tsinken kitso a soke cikin ɗankwalinta. Salima tana tsaye a ƙofar ɗaki. Matan gidan biyu sun ƙirƙiri wanki a kusa.

"Yawwa, ga Malam mai digiri," Inna Talatu ta ce. "Zo ka raba mu. Shekara talatin ina kitso, daga Katsina har nan, ban taɓa ganin kai ɗaya da oda biyu ba. Uwa ta ce kwantacce, wai umarnin maigida ne. Mai kan ta ce shuku, kuma mai tsini, wanda zai taɓo rufin mota. Na ce wace mota? Sai ta rufe baki da hannu."

Abdulbaƙi ya juya. Ya kalli Salima.

"Kada ka kalle ta, ba ita ta faɗa ba," Inna Talatu ta ce. "Mu ma muna da ido. Wa ke yi wa yarinya kitson sati biyu ranar Talata, ba salla ba, ba biki ba? Kuma tun jiya akwatinku yake shanya a rana. Makafi ka mayar da mu? Alje za ku, Allah ya kiyaye hanya."

"Amin," matan wankin suka amsa tare, ba su ɗago ba.

"Inna, ba ɓoyewa muka yi ba," ya fara. "Abin ne bai..."

"Ɓoyewa kuka yi. Amma bar wannan, za mu zo kansa. Ke, faɗa wa babanki abin da kika faɗa mini."

Iklima ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido. Sai da Inna Talatu ta ɗan zungure ta da gwiwa sannan ta yi magana, a hankali.

"Jirgin maciji ba a hawa sai wanda ya kai mita ɗaya da ashirin."

"Wa ya gaya miki?"

"A bidiyon ne, Abba. Akwai allo a bakin wurin hawa. Masu koren zare dawaki kawai suke hawa, da ƙananan motoci."

Ya ciro wayar. A baya ya kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Ta karɓa, ta ja da yatsa, ta tsayar daidai inda ake nuna layin masu jira. Ga allon nan, ja, da rubutun Larabci. Shi Larabcinsa na allo ne da na ciniki, idonsa kuma ya saba tsallake duk abin da ba Faransanci ba. Ita kuwa da Larabci ake koya mata karatu a makaranta. Ta bi rubutun da ɗan yatsanta daga dama zuwa hagu, ta karanta masa, ta fassara.

"Saura santi ɗaya," ta ce. "Ina shan nonon kullum. Tsohuwa ta ce shi ya sa 'ya'yanta suka yi tsawo. Ina lilo a jikin ƙofa ma, ka hana ni. Amma na daina tsawo, Abba. Wata uku ban ƙaru ba. Shi ne na ce ko shuku zai cika."

Abdulbaƙi ya karɓi wayar ya mayar aljihu. Ya tuna ranar da ya daka mata tsawa don ya same ta tana reto a saman ƙofa. Ya tuna yadda take miƙe wuya duk ranar awo, tana riƙe numfashi, shi kuma a samanta yana danne ƙamus.

"Na gaya mata gashi ba tsawo ba ne," Inna Talatu ta ce. "Masu jirgin nan ba wawaye ba ne, danne shi za su yi. Kuma ni ba zan ɗora yarinya a kan abin da bai yarda da ita ba. To amma ni dai idona yana ba ni yarinyar nan ta ƙaru. Rigar da na ga an ɗinka mata da ƙaramar salla ga ta nan ta ɗage. Ko ƙofarku ce ke tsawo tare da ita, Malam?"

Matan wankin suka yi dariya. Shi bai iya ba. Ya ga Salima ta juya ta shige ɗaki.

Sai aka yi sallama. Illo ne, magini ɗan Maraɗi da ke ɗakin ƙarshe, ya shigo da siminti har gira, jakar kayan aiki a kafaɗa, buhu a hannu. Ya girmi Abdulbaƙi da shekara ashirin, kuma bai taɓa kiran sa da sunansa ba, sai dai ɗan lekkol, wato ɗan boko.

"Ɗan lekkol! Ashe guduwa za ka yi da iyali cikin dare kamar wanda jandarma ke nema?"

"Baba Illo, wallahi ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Tun a wurin aiki labari ya same ni." Ya dire buhun. "Dabino ne, na Abalesa. Akwai cuku a ƙasa. Abincin tashar In Salah tsada gare shi, kuma cikinka ba zai gode maka ba. A ina za ku sauka?"

"Na ga wani ɗan otal kusa da tasha."

"Otal!" Illo ya juya ga matan kamar mai neman shaida. "Kun ji ɗan lekkol. Ƙanena Muntari shekara shida yana gini a bayan Alje, yana da ɗaki da katifa da risho. Na riga na kira shi. Zai koma wurin abokan aikinsa ya kwana, ya bar muku makulli. In ka kai wa Larabawa kuɗin kwana alhali ɗan'uwana yana garin, ni da kai mun ɓata."

"Ni kuma dambun nama na wuyana," Inna Talatu ta ce, "da cincin. Gobe da yamma a aiko a karɓa."

"Me za ka sa a can?" Illo ya ci gaba. "Wannan 'yar rigar? Sanyin can da ruwa yake zuwa."

"Na ce in mun isa zan sayi kwat."

"Kwat na sati guda. Akwai kashabiyata ta gashin raƙumi, tun daga kai har ƙwauri. Ka sa, ka dawo mini da ita. In ka ɓata ta da miya, ka biya."

Abdulbaƙi ya tsaya tsuru a tsakiyarsu. A takardar da ya tsara tafiyar, mutanen nan duka suna gefen abin da zai ci masa kuɗi. Kunya ta rufe shi, ga kuma wani abu mai ɗumi a ƙarƙashinta da ya rasa inda zai ajiye shi.

"Gaskiya zan faɗa muku," ya ce da ƙyar. "Tsaraba na ji wa tsoro. Abin hannuna bai kai in dawo wa kowa da abin da ya dace ba."

Illo ya sosa gemu, siminti ya zubo.

"Ka ɗauka mu ba mu taɓa tafiya da aljihu a bushe ba? Kowa a gidan nan a bayan akori-kura ya zo garin nan. Ka kawo wa yara alewa ƙulli guda a raba, shi ke nan."

"Ni ban yafe tawa ba," Inna Talatu ta ce. Ta zare tsinken daga ɗankwali ta nuna shi da shi. "Hoto nake so. Yarinyar nan a cikin jirgin macijin nan, baki a buɗe, da kitsona a kanta. A wanke shi a takarda in liƙa a ɗakina. In babu shi, kada ka gaishe ni in kun dawo. Yanzu wanne zan yi, kwantacce ko shuku?"

Ya kalli rabin kan da ke a tsefe, da idanun da ke jiran sa a ƙarƙashi.

"Yi mata wanda take so, Inna. Amma ki ɗan dakata mini tukuna." Ya juya. "Baba Illo, ara mini nibo ɗinka da mita."

"Gini za ka fara?"

"Wani abu zan gyara."

Illo ya buɗe jaka ya miƙa masa nibo, katakon nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, wanda ke nuna ko bango ya karkace, ya haɗa masa da mitar awo. Bai ƙara tambaya ba.

A ɗaki Salima tana ninke kaya a kan gado. Abdulbaƙi ya sa Iklima ta cire takalmi ta jingina da ƙofar. Ya kwantar mata da gashin da tafin hannu, ya ɗora nibo a tsakiyar kanta.

"Kada ki miƙe wuya. Tsaya yadda kike."

Ƙwayar iskar da ke cikin ruwan ta yi gefe, ta dawo, ta yi rawa kaɗan, ta zauna tsakanin layuka biyun. Sai da ya tabbata ta tsaya cik sannan ya ja fensir. Yarinyar ta zame daga ƙarƙashi ta juyo. Sabon zanen yana sama da baƙin layin da kusan yatsa biyu. Ya ja mita daga ƙasa, ya duba, ya sake dubawa.

"Karanta da kanki."

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa katako. "Ɗaya da ashirin da biyu." Ta ɗago. "Abba! Da biyu!"

"Da biyu."

"Zan hau?"

"Za ki hau. Tikitin manya za a yanka miki."

Ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya, idanunta suka buɗe. "Nonon ne! Tsohuwa ta ce ba a ganin aikinsa sai rana ɗaya. Umma, kin gani? Gobe zan kai mata dabino, Abba, in ɗiba?"

"Ɗibi da yawa."

Ta fita da gudu ba takalmi, suna jin muryarta tana shelanta wa tsakar gida, Inna Talatu tana cewa ai ita ta faɗa, a zo a zauna kafin rana ta gudu.

Salima ba ta daina ninkin ba.

"Ƙamus ɗin nan," ya ce, bai kalle ta ba. "Ni nake karkata shi."

"Na sani. Daga nan gadon ana gani."

"Ba ki ce komai ba."

"Na ga kana tashi kana zama har asuba. Na ce wanda abin ke hana barci zai gyara da kansa." Ta ɗaga takalmin Iklima mai tudu. "In sa wannan, ko silifa?"

"Sa shi. Akwai sanyi a can."

Ta sa shi a akwati. Ya ɗauki ƙamus ɗin daga kan tebur ya mayar da shi can saman kanta, cikin littattafan jami'a. Ya dawo ya rubuta kwanan wata a gefen sabon zanen da ƙananan haruffa. Akwai abin gogewa a gindin fensirin. Ya kai shi kan baƙin layin nan mai kauri, ya tsaya, sannan ya janye hannu ya bar shi a inda yake, daidai inda idonsa zai riƙa sauka duk lokacin da zai fita.

Ya goge nibo da bakin rigarsa, ya naɗe mitar, ya fita mayar wa mai su. Daga ɗakin Illo bai dawo ba. Ya wuce ƙofa ta gaba, ya tsaya, ya gyara murya, ya yi sallama.

"Jibi za mu Alje, in Allah ya yarda," ya ce da aka amsa. "Na zo in sallame ku."